Yadda Ake Gane Ko Za a Iya Auna Abubuwa Biyu Lokaci Guda a Kimiyyar Kwantam

Yawancin masu koyon kimiyyar kwantam sun haddace cewa ba a iya sanin matsayin elektaron da ƙarfin tafiyarsa, wato nauyinsa sau saurinsa, daidai wa daida a lokaci guda, amma da zarar an miƙa musu wasu abubuwa biyu da ba su saba da su ba, aka ce su faɗi ko za su aunu tare, sai a ga sun koma cinta. Na sha warware wannan tambaya da masu koyo, a kan takarda da kuma a kan tebur, kuma hanyar da zan shimfiɗa a nan ita ce wadda na ga ba ta ba da kunya.

Idan aka ce "lokaci guda" a wannan fage, ba ana nufin danna maɓallai biyu a daƙiƙa ɗaya ba. Ana nufin akwai awo guda da zai ba da amsoshin biyu, ta yadda auna na biyu ba zai goge amsar na farko ba, kuma wanda aka fara da shi ba zai canza komai ba. Duk aikin da ke tafe bincike ne a kan wannan jeri: A sannan B, ko B sannan A.

Kayan aiki

Domin lissafi, takarda da fensir da kalkuleta sun isa. Ana bukatar mai koyo ya iya ninka matiriks biyu, ya saba da lambar i wadda murabba'inta −1 ne, ya kuma san yadda ake nemo tabbatattun ƙimomin matiriks da tabbatattun yanayinsa. Tabbataccen yanayi shi ne yanayin da in an yi awo a cikinsa amsa ɗaya ce take fitowa kullum, amsar kuwa ita ce tabbatacciyar ƙima. Wanda yake da kwamfuta mai Python da NumPy zai samu sauƙi a manyan matiriks, amma ina ba da shawarar a yi misalan farko da hannu, domin hannu ne yake nuna wa mutum inda alamar debewa take shigowa.

Domin gwajin tebur, a tanadi matatun haske guda uku, wato folaraiza irin na miƙaƙƙen layi, da tocila, da ma'aunin kusurwa, da ɗaki mai duhu. Idan babu matatun, gilasan tabarau masu folaraiza za su yi aiki. Idan biyu kawai aka samu, farin allon kwamfuta irin na LCD zai maye gurbin tocila da matata ta farko gaba ɗaya, saboda hasken da yake fitarwa ya riga ya tatu zuwa fuska guda.

Mataki na 1: Rubuta ofaretan kowane abin aunawa a kan tushe ɗaya

Kowane abin da ake iya aunawa yana da ofareta, wanda a ƙananan tsare-tsare matiriks ne kawai. Za mu yi aiki da sifin na elektaron, wato ƙarfin jujjuyawar da yake ɗauke da shi a karan kansa, wanda matiriks ɗin Pauli na 1927 suke wakilta. Na fuskar z, wato σz, layinsa na sama (1, 0) ne, na ƙasa (0, −1). Na fuskar x, wato σx, layinsa na sama (0, 1) ne, na ƙasa (1, 0). Kowannensu yana ba da +1 ko −1 idan an yi awo.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne a rubuta kowane ofareta a kan nasa tushen. Idan ka rubuta σx a kan tabbatattun yanayinsa, zai fito da kamannin σz sak, sai ka ninka su ka samu sifili, ka ce suna aunuwa tare, alhali ka kwatanta abu ne da kansa. Ka zaɓi tushe ɗaya, ka rubuta shi a saman takarda, kada ka sauka daga kansa.

Ka kuma duba cewa ofaretan irin na Hermite ne: idan ka mayar da layukan kwance suka koma na tsaye, ka juya alamar kowace i, dole matiriks ɗin ya dawo yadda yake. In bai dawo ba, abin da ka rubuta ba abin aunawa ba ne, kuma sauran matakan ba su shafe shi ba.

Mataki na 2: Ninka su ta hanya biyu, ka debe

Lissafa AB, lissafa BA, sannan ka debe na biyu daga na farko. Sakamakon shi ake kira komuteta, ana rubuta shi [A, B]. A misalinmu, σxσz yana ba da layin sama (0, −1) da na ƙasa (1, 0), σzσx kuwa yana ba da (0, 1) da (−1, 0). Bambancinsu layin sama (0, −2) ne, na ƙasa (2, 0), wanda daidai yake da −2iσy, inda σy shi ne matiriks ɗin Pauli na fuskar y. Ba sifili ba ne, saboda haka sifin na fuskar x da na fuskar z ba sa aunuwa tare da cikakkiyar daidaito. Sharaɗin yana da tsauri: sai kowace lamba a cikin matiriks ɗin ta zama sifili kafin a ce sun jitu.

Idan ofaretocin ba matiriks ba ne, kamar matsayi x da ƙarfin tafiya p = −iħ d/dx (ħ wata tsayayyiyar lamba ce ta kwantam, za a ga girmanta a mataki na 4), kada ka yi lissafin a kan iska. Ka ɗora su a kan wani fankishin f(x). Idan p ya fara aiki sannan x, za ka samu −iħ x f′. Idan x ya fara sannan p, dole ka bi ƙa'idar abubuwa biyu da aka ninka, sai ka samu −iħ f − iħ x f′. Da ka debe, abin da ya rage shi ne iħ f, wato [x, p] = iħ, dangantakar da Max Born da Pascual Jordan suka rubuta a 1925. Duk wanda ya bar f a gefe yakan manta da kashin −iħ f, kuma wannan kashin shi ne amsar baki ɗaya.

Masu amfani da kwamfuta su kula da abu biyu. Na farko, lamba irin 10⁻¹⁶ a cikin sakamako sifili ce da ta sha kuskuren zagaye lambobi, don haka a gwada kusanci da sifili maimakon daidaito. Na biyu, idan ka yanke x da p zuwa matiriks mai iyaka, komutetarsu ba za ta taɓa zama iħ a ko'ina ba, domin jimillar lambobin da ke kan layin karkace na kowace komuteta mai iyaka sifili ce. Za ka ga wata baƙuwar lamba a gefen da ka yanke. Laifin yankan ne, ba na lissafinka ba.

Mataki na 3: Idan komuteta ta zama sifili, nemo yanayin da suka yi tarayya a kai

Sifili yana tabbatar da cewa akwai cikakken jerin yanayi waɗanda tabbatattu ne ga A da B duka, amma bai miƙa maka su ba. Idan duk ƙimomin A daban-daban ne, aikin ya ƙare, domin tabbatattun yanayin A su ne na B. Wahalar tana zuwa ne idan wata ƙima ta maimaitu, kuma a nan ne nake so mai koyo ya dakata sosai.

Ɗauki A mai layuka (1, 0, 0), (0, 1, 0), (0, 0, 2), da B mai layuka (0, 1, 0), (1, 0, 0), (0, 0, 3). Ka ninka za ka ga AB daidai yake da BA. Ƙimar 1 ta A ta zo sau biyu. Mai gaggawa zai ɗauki (1, 0, 0) a matsayin tabbataccen yanayin A, wanda gaskiya ne, sai ya ɗora B a kansa ya samu (0, 1, 0), wanda wani yanayi ne dabam, sai ya ɗauka ƙa'idar ta karye. Ƙa'idar tana nan daram. Duk wani gauraye na (1, 0, 0) da (0, 1, 0) tabbataccen yanayin A ne mai ƙimar 1, kuma a cikin wannan fili ne za ka nemo waɗanda B ma ya yarda da su. Ka ciro ɓangaren B da ya shafi filin, wato layuka (0, 1) da (1, 0), ka warware shi shi kaɗai. Za ka samu (1, 1, 0)/√2 mai ƙimar +1 da (1, −1, 0)/√2 mai ƙimar −1. Yanzu kowane yanayi yana da lakabi biyu: (1, +1), (1, −1), da (2, 3) na yanayi na uku. Na'urar da take rarrabe waɗannan yanayi uku ta auna A da B a tashi ɗaya.

A kwamfuta akwai gajeriyar hanya: warware A + tB, inda t wata lamba ce da ka zaɓa kara-zube, kamar 0.37. Kusan kullum wannan yana raba ƙimomin da suka maimaitu, ya fito da yanayin tarayya kai tsaye. Ka dai gwada kowanne da A da B daga baya.

Idan bayan haka har yanzu akwai yanayi biyu masu lakabi iri ɗaya, ana neman abin aunawa na uku da ya jitu da biyun. Haka aka yi da atom ɗin haidirojin: kuzari, da murabba'in ƙarfin jujjuyawa L², da kashinsa na fuskar z, duk sun jitu da juna, shi ya sa ake kiran yanayinsa da lambobi n da l da m tare, sannan a ƙara na sifin.

Wani abin da ya cancanci a sani shi ne abubuwan aunawa na ƙwayoyi biyu mabambanta kullum suna jituwa, kuma wani lokaci haɗin abubuwan da ba su jitu ba yakan jitu. Ga ƙwayoyi biyu, tazarar da ke tsakaninsu, x₁ − x₂, da jimillar ƙarfin tafiyarsu, p₁ + p₂, komutetarsu iħ − iħ ce, wato sifili. A kan wannan ne Einstein da Podolsky da Rosen suka gina hujjarsu a 1935. Saboda haka kada ka yanke hukunci don ka ga x da p a cikin ofareta. Ka yi lissafin.

Mataki na 4: Idan ba sifili ba ce, lissafa iyakar rashin tabbas

Heisenberg ya kawo tunanin a 1927, Earle Kennard ya tabbatar da shi ga matsayi da ƙarfin tafiya a wannan shekarar, sannan Howard Robertson ya faɗaɗa shi ga kowane A da B a 1929. Dokar ta ce ΔA sau ΔB, wato bazuwar sakamakon A sau ta B, ba zai gaza rabin girman matsakaicin [A, B] a yanayin da ake magana a kai ba. Ga x da p, iyakar ħ/2 ce, inda ħ take kusan 1.055 × 10⁻³⁴ a ma'aunin jul sau daƙiƙa. Idan aka tsare elektaron a fili mai faɗin 10⁻¹⁰ na mita, kusan girman atom, Δp ba zai gaza 5.3 × 10⁻²⁵ ba, kuma idan aka raba wannan da nauyin elektaron, 9.11 × 10⁻³¹ na kilogiram, bazuwar saurinsa ta kai kusan kilomita 580 a daƙiƙa.

Ka fahimci abin da Δ yake nufi. Bazuwar sakamako ce idan aka shirya ƙwayoyi masu yawa a yanayi ɗaya, aka auna A a kan wasu, B a kan wasu. Ba raunin na'ura ba ne, kuma sayen na'ura mai tsada ba ya rage shi.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan mataki: kada ka yi amfani da wannan doka a matsayin gwajin jituwa. Ɓangarenta na dama ya dogara da yanayi. Ɗauki elektaron da sifin ɗinsa yake kallon sama a fuskar z. Matsakaicin σy a wannan yanayi sifili ne, don haka iyakar σx da σz ta zama sifili, amma Δσx ɗaya ne cur, wato amsar fuskar x tamkar jefa kwabo ce. Haka kuma a atom mai l = 0, Lx da Ly da Lz, wato kason ƙarfin jujjuyawa na fuskokin x da y da z, duka sifili ne tabbas, ko da yake [Lx, Ly] = iħLz. Yanayi guda na tarayya bai isa a ce abubuwa biyu sun jitu ba, sai an samu cikakken jeri. Mataki na 2 ne alƙali.

Mataki na 5: Gwajin A, B, A a kan tebur

Asalin wannan gwaji yana komawa ga aikin Otto Stern da Walther Gerlach a birnin Frankfurt na Jamus a 1922, inda suka ratsa atom ɗin azurfa ta cikin maganaɗisu. Da haske za mu yi namu, domin lissafinsa ɗaya ne da na sifin, sai dai kusurwoyi sun koma rabi: tsaye da kwance suna matsayin σz, karkace na digiri 45 da na 135 suna matsayin σx.

Kafa matata ta farko a gaban tocila, ka ɗauki fuskarta a matsayin digiri 0. Wannan shi ne awon A na farko. Sa matata ta ƙarshe ka juya ta har haske ya mutu ɗif, wato digiri 90. Duhun yana nuna cewa awon A ya ba da amsa tabbatacciya, kuma maimaita shi bai saɓa mata ba. Yanzu ka zura ta uku a tsakaninsu a digiri 0 ko 90, duhu zai ci gaba, domin awon da ka saka ya jitu da na farko. Juya ta zuwa digiri 45, sai haske ya dawo. Awon B ya goge amsar A.

A lissafi, matata ta farko tana barin rabin hasken tocila, ta tsakiya rabin wannan, ta ƙarshe rabin abin da ya rage, jimilla kashi ɗaya cikin takwas. A digiri 30 kashi uku cikin 32 ne. Matatun gaske suna shanye ƙarin haske, don haka ka kwatanta da hasken da yake wucewa idan duka ukun suna fuska ɗaya. Sannan ka ɗauke matatar digiri 45 daga tsakiya ka mayar da ita gaba ko baya: duhu zai dawo. Kayan ba su canza ba, jeri kaɗai ya canza, kuma wannan shi ne AB − BA da ka lissafa, ga shi ido yana gani.

Abubuwa uku ne suke ɓata gwajin. Matatun kyamara da tabarau na kallon fim ɗin 3D galibi masu tace haske a zagaye ne, ba a miƙaƙƙen layi ba, kuma sakamakonsu yana canzawa dangane da fuskar da ta kalli haske. Siririyar leda mai kare matata tana murɗa haske, sai a ɓare ta tukuna. Hasken ɗaki kuma yana ɓoye duhun da ake nema.

Gaskiya ta wajabta in ƙara da cewa hasken tocila bai tabbatar da kimiyyar kwantam ba, domin dokar Malus ta 1809 ta isa ta bayyana shi a matsayin igiyar haske. Kwantam yana shigowa ne idan aka rage hasken har foton, wato ƙwayar haske, ɗaya-ɗaya ne yake wucewa. Foton ba ya rabuwa biyu a matata, ko ya wuce ko ya tsaya, sai waɗannan kason su zama yiwuwar wucewarsa.

Mataki na 6: Idan dole ne a samu amsoshi biyu daga ƙwaya ɗaya

Tunanin farko da yakan zo shi ne a kwafi ƙwayar, a auna A a kan ɗaya, B a kan ɗaya. Wannan hanya a rufe take, domin Wootters da Zurek, da kuma Dieks, sun nuna a 1982 cewa ba a iya kwafin yanayin kwantam da ba a sani ba. Idan kana da ƙwayoyi da yawa da aka shirya iri ɗaya, ka raba su gida biyu, za ka samu matsakaicin kowanne daidai, amma babu ƙwaya ɗaya da ta ba ka amsa biyu.

Hanyar da ta rage ita ce a yarda da ɗan duhu-duhu a amsoshin biyu. Arthurs da Kelly sun nuna a 1965 cewa ana iya auna x da p tare, amma bazuwar sakamakon biyu in an ninka ba za ta gaza ħ ba, ninki biyu na iyakar da ke mataki na 4. Ƙarin ya fito ne daga na'urar da kanta, wadda ita ma tana ƙarƙashin dokar.

Ga sifin ko haske, ga yadda ake yi. Ga kowane foton, jefa kwabo ka zaɓi ɗaya daga kusurwa biyu, digiri +22.5 ko −22.5. Idan matatar tana +22.5 kuma foton ya wuce, rubuta "0 da 45". In ya tsaya, rubuta "90 da 135". Idan tana −22.5 kuma ya wuce, rubuta "0 da 135". In ya tsaya, rubuta "90 da 45". Kowane foton ya ba da amsa biyu ke nan. Idan an shirya shi a digiri 0, amsar farko za ta yi daidai da yiwuwar cos² na 22.5, wato kusan kashi 85 cikin 100, kuma idan an shirya shi a digiri 45, amsa ta biyu ce za ta yi daidai da wannan kason. Ba za a iya ɗaga biyun sama da haka tare ba. Wannan ita ce iyakar 1/√2 da aka sani ga fuskoki biyu na sifin masu kusurwar digiri 90 a tsakani, domin kashi 85 ɗin rabin 1 + 1/√2 ne.

Kana iya duba wannan da kayan da ke gabanka. Kafa matata ta farko a digiri 0, ta biyu a 22.5, ka auna haske ka kwatanta da lokacin da suke fuska ɗaya. Sannan ka mayar da ta farko digiri 45 ka sake aunawa, za ka samu kusan kashi 85 a duka biyun. Yanzu ka matsar da ta biyu zuwa digiri 10. Na digiri 0 zai haura zuwa kusan kashi 97, na digiri 45 kuma zai sauka zuwa kusan kashi 67. Ka rubuta lambobin biyu gefe da gefe a kusurwoyi biyar ko shida tsakanin 0 da 45, domin a wannan jadawalin ne za ka zaɓi kusurwar da ta dace da wanda ka fi bukatar sani a cikin awon biyu.